Garin da Na Ce Ya Jira Ni

Abu na farko da na yi a ƙasar Jamus shi ne na rasa jakata. Mun sauka daga jirgin sama, aka ɗora mu a jirgin ƙasa, muka isa wata babbar tasha mai rufin ƙarfe da gilashi, la'asar na neman fita. Wani baƙin mutum ya ga tsagar Gobir a fuskata, ya matso ya yi mini sallama da Hausa irin ta mutanen zango. Ya ce in je bayan wancan ginshiƙin in yi sallata, zai tsare mini kaya. Da na sallame na waiga, ba shi, ba jaka. Rigar sanyin da na saya a Sakkwato na ciki, da garin kunu, da dakuwar da matar yayana ta yi mini. Na tsaya ina jiran raina ya ɓaci, bai ɓaci ba. Na dai taɓa ƙunshin da ke hammatata, na ji yana nan.

Babbar rigar mahaifinmu ce a cikin ƙunshin, saƙi ce, mai ɗinkin aska takwas. Ba tawa ba ce, saƙo ce.

Sunana Sanda. A lokacin ina aiki a sashen ruwa na ƙaramar hukumar Isa, zamanin da Isa da Sabon Birni suke ƙarƙashin ofis guda. Garinmu Tungar Aduwa, can gefen Unguwar Lalle, kuma yayana Nomau ne mai gari. Damina ta ƙi, wata ta biyo ta ita ma ta ƙi. Rijiyar gari ta ƙafe, mata sai su tafi gulbi su tona yashi su jira ruwa ya tsattsafo. Ana cikin haka aka ce akwai wata ƙungiya a Jamus, wadda biranen ƙasar suka haɗu suka kafa, tana neman a turo ma'aikatan ƙananan hukumomi daga Afirka su je su ga yadda gari ke mulkin kansa. Sunana ya fito. An kuma gaya mana wasu garuruwan can kan ƙulla zumunci da wani gari a nan, har su haƙa masa rijiyar burtsatse.

A lokacin ƙauyukan da ke kewaye da mu sun fara tashi. Suna yin kudu tun jakunansu na da ƙarfi, tun irin shukarsu na cikin buhu. Yaya Nomau ya tara dattawa a gindin aduwar ƙofar gidansa, ya dube ni ya ce, "Sanda, kai ka yi boko, kai za ka ga masu abin. Mu tashi ko mu jira?" Na ce, "Ku jira ni." Ya shiga ɗaki ya fito da rigar. Ya ce, "Ba a zuwa wurin sarki hannu rabbana. Ka ba sarkin garinsu."

*

Zangon farko babban birni ne a bakin wani kogi, inda ƙungiyar take da ofishinta. Aka zuba mu a gidan kwanan ɗalibai, mutum biyu a ɗaki. Allah ya haɗa ni da Lasisi, Bayarabe, akawun wata ƙaramar hukuma ta can kudu. Yana ganin fuskata ya buga tsalle. "Kai! Har nan bawana ya biyo ni? Wa ya ba Bagobiri fasfo?" Na ce masa ubangijinsa ne ya zo duba shi. Kun san tsakanin Bagobiri da Bayarabe, ba a fushi. Da ya ji labarin jakata ya yi dariya har ya kwanta, sannan ya buɗe akwatinsa ya jefo mini rigar sanyi mai nauyi. Hannunta ya yi mini gajarta. Ita na saka har na bar ƙasar.

Ruwan sama ake yi kullum. Ba irin namu ba mai zuwa da hadari da iska, yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, kuma ba wanda ke ɗaga kai ya dube shi. Nakan tsaya a kan gada in kalli kogin, jiragen kaya na wucewa. Na zaci ranar da na ga ruwa haka za ni yi kuka. Ban yi ba. Ina kallo ne kawai, sai sanyi ya kore ni.

Da safe mu tafi aji. Malaminmu wani dogon Bajamushe ne mai suna Mista Otto, ma'aikacin ƙungiyar, Turancinsa a hankali yake fita. Ya zana mana hoto a allo: mutanen gari a ƙasa, majalisar gari a samansu, magajin gari a gefe, ƙungiyarsu can a wani lungu, kuma duk kibiyoyin daga ƙasa suke tashi su yi sama. Na duba na ce a raina malam ya yi zanensa a kife. Ni na yi shekaru a ƙaramar hukuma, na san yadda abu ke tafiya. Gwamna ya faɗa wa kantoma, kantoma ya faɗa wa sakatare, sakatare ya daka mana tsawa. Kansila kuwa shan shayi ne aikinsa. Na kwafi zanen yadda yake saboda kada a ce ban yi rubutu ba, amma hankalina na kan abu guda: wane ne babba a nan, kuma ta wace ƙofa ake shiga wurinsa?

*

Bayan an gama karatun aji aka rarraba mu. Lasisi aka yi arewa da shi, ni aka tura ni wani ƙaramin gari a tsakanin duwatsu, aka haɗa ni da masu kula da ruwan garin. Masaukina gidan wata tsohuwa ce, Madam Hilda. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, da can tana sayar da takalma ne. Tana jin Turanci. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ba ta iya kewaye-kewaye ba, abin da ke ranta shi ke bakinta. Ranar farko ta tambayi abin da ba na ci, ta kwashe duk naman alade daga gidan ta kai wa maƙwabciyarta. Ta kuma nuna mini gabas da kanta, da wani ɗan agogon gane alƙibla na mijinta.

Tun a makon farko ta gaya mini ita kansila ce. Na ce madalla. Na ga mace ce mai wanke kwanonta da hannunta, mai hawa keke ta tafi taro da jakar leda, sai na ajiye zancen inda nake ajiye kansilolin gida.

Kullum in mun zauna cin abinci sai ta ce, "Mista Sanda, yaya mutanen gida?" In ce, "Lafiya lau, Madam." To me za ni ce? Ga dankali, ga miya, ga burodi ta tura gabana. A wurinmu ba a zancen yunwa a kan akushin wani, ya zama kamar kana cewa a ƙaro ne. Kuma namiji, Bagobiri, ba ya kai kukansa wurin macen da ta ba shi masauki. Ba shawara na yi da kaina ba. Bakina ne ke ba da amsar tun kafin in yi tunani.

A wurin aiki mutanen kirki ne, sai dai ba su da surutu. Wata rana muka fita wanke bututu. Suka buɗe wani famfon bakin titi, ruwa fari tas ya yi ta kwarara cikin lambatu, muna tsaye muna jiran ya gama fitar da tsatsa. Ɗayansu ya miƙo mini tuffa. Na karɓa na ci, ina kallon ruwan.

Kaset na farko ya iso cikin tsananin sanyi. Yaya Nomau ba ya rubutun boko, sai ya sa a ɗauki muryarsa a rikoda, wani ɗan kasuwa mai zuwa Sakkwato ya jefa a gidan waya. Madam Hilda ta ara mini rikodarta ta kicin, ta ce in saurara a nan, ɗakina da sanyi. Muryarsa ta fito: "Sanda, ni na, Nomau. Muna gaishe ka. Mutane na ta tambayata, ni ko na ce musu ka ce a jira." Bayan muryarsa ana jin sussuka da daka, zakara na cara, yara na faɗa, wata mata na ƙwala wa ɗiyarta kira. Madam Hilda ta tsaya da wanke-wanke tana murmushi. Ta ce, "Garinku akwai hayaniya." Na ce, "Ƙwarai kuwa."

*

Na gano ofishin magajin gari, na fara zuwa gaisuwa. Kowace safiya kafin in wuce wurin aiki sai in tsaya a ƙofarsa. Sakatariyarsa ta rasa gane abin da nake so. Ta ce, "Kana da alƙawari da shi?" In ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ta ce, "Gaisuwar me?" Haka muka yi ta yi har ta gaji, ta sa mini rana.

Mutum ne mai fara'a, ƙato, kansa ba gashi. Na cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce in mayar. Na kwance ƙunshin na shimfiɗa rigar a kan teburinsa, na ce saƙon mai garinmu ne. Ya shafa aikin wuyan, ya yi ta yabawa. Sannan na faɗi buƙata: gari ne ke neman rijiya. Ban yi dogon bayani ba, ai babba ba a cika shi da magana, shi ke ganewa. Ya ce tunani ne mai kyau, shi kam yana goyon baya, zai sa a kai maganar gaban majalisa. Ya kama hannuna ya girgiza.

Na fito ina jin an gama. Sarki ya karɓi riga, ya ba da hannu, saura me? A ranar na sayi kaset na ɗauki muryata: "Yaya, ya karɓa. Ya ce to. Ku ƙara haƙuri kaɗan."

Bayan 'yan kwanaki na je gaisuwa, sai ga rigar mahaifinmu a cikin akwatin gilashi a barandar ofis, an baza hannuwanta, kusa da wani farantin azurfa da tutar wata ƙungiyar ƙwallo. Sakatariya ta ce doka ba ta yarda magajin gari ya kai kyauta gida ba, duk abin da aka ba shi na gari ne. Na tsaya na dube ta. Akwai ɗan tabon goro a gaban aljihun, tun na Baba.

Kaset na biyu ya zo da ƙanƙara ta fara narkewa. "Sanda, mun ji saƙonka. Gidan Ɗan Ige sun tashi, na hana su ba su hanu ba. Sauran muna nan. Mun hwara taɓa iri, kaɗan-kaɗan dai. Jakkai biyu sun kwanta." Wanda ya san noma ya san abin da ake nufi da taɓa iri. Shi ne damman hatsin da ake ratayewa can ƙuryar rumbu, wanda ko biki ko mutuwa ba su sa a sauke shi. In ka ci shi, ka ci daminar baɗi. Na saurara har ƙarshe, na kashe rikodar, na tafi aiki.

Ana saura kwana kaɗan majalisa ta zauna, muna cin abinci, Madam Hilda ta ajiye cokali. Ta ce, "Na ga maganar rijiyarku cikin abin da za mu tattauna. Gaya mini gaskiya, abin ya yi tsanani ne a can?" Na dubi farantina, nama ne da kabeji. Na ce, "Da sauƙi, Madam. Mun gode Allah." Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Da sauƙi."

*

Ranar zaman na hau benen 'yan kallo. Ɗaki ne ba ado, tebura a jere kamar aji. Na gane mai gidan burodin unguwarmu a cikin kansilolin, da wani malamin makaranta, da direban bas ɗin da nake shiga. Wani saurayi daga ofishin ruwa ya zauna kusa da ni yana fassara mini. Suka yi ta jayayya a kan fitilun titi da rufin wata makaranta, kowa na katse magajin gari, shi kuwa sai ya saurara. Na ce a raina wannan sarki akwai haƙuri.

Da aka zo kan tamu, magajin gari ya yi magana mai daɗi. Sai Madam Hilda ta miƙe. Saurayin ya ci gaba da fassara mini. Ta ce mutumin nan a gidanta yake, mutumin kirki ne, ba ya ƙarya. Ta tambaye shi da bakinta, ya ce da sauƙi. Ta ce kuɗin nan na mutanen gari ne, ga rufin makaranta na yoyo, ita ba ta ga dalilin gaggawa ba.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Magajin gari ya ɗaga, da wasu 'yan tsiraru. Aka ce waɗanda ba su yarda ba. Hannuwa suka tashi, har da nata. Wata mata ta bi su da alƙalami tana ƙidayawa. Na zuba ido in ga magajin gari ya buga tebur ya ce shi ya riga ya ba da hannu. Sai ya juya takarda, suka shiga zancen kwashe shara. Ashe hannunsa hannu ɗaya ne, daidai da na mai burodi.

Da yamma ta dafa shayi ta kawo mini, ta ce kada in riƙe ta a rai. Na ce ba komai. Kuma wallahi ban ji komai ba, ko haushi.

Washegari na nemi izini na hau jirgin ƙasa na koma babban birni. Tunda sarkin gari ya kasa, sai a je wurin sarkin sarakuna. Na sami Mista Otto a ofishinsa, na ce ƙungiyarsu ce uwar biranen nan duka, ina roƙo su ba garin nan umarni. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce, "Mista Sanda, mu ba mu ba kowa umarni. Garuruwan ne suka kafa mu, su ke biyan albashina. Mu 'yan aikensu ne, mu kai kukansu gaban gwamnatin tarayya, mu hana a taka musu haƙƙi. In na kira garin nan na ce su yi kaza, dariya za su yi mini."

Na ce, "To wane ne a samansu?"

Ya ce, "Waɗanda suka zaɓe su." Ya ɗauki fensir zai sake zana mini hoton nan na allo, na ce ya bar shi, ina da shi. Ya raka ni har tasha, ya saya mini burodi da cuku na ci a hanya.

*

Kaset na uku ya zo ana tsakiyar zafinsu, rana ba ta faɗuwa sai can bayan isha'in gida. Na sa shi a kicin kamar kullum, Madam Hilda na fere dankali. Muryar Yaya ta yi ƙasa, yana magana yana hutawa. Ya ce iri ya ƙare. Ya ce liman ya tahi da iyalinai. Ya ce tsohuwa Ta-Allah ta riga mu gidan gaskiya, da jinjirin gidan Mamman. Ya ce, "Ba ni hana kowa yanzu. Amma ni ina nan. Ka ce a jira."

Madam Hilda ta ajiye wuƙa. Ta ce in mayar da shi baya. Na mayar. Ta kasa kunne, ba Hausa take ji ba. Ta tashi ta ɗauko kaset na farko daga kan kanta inda nake ajiye su, ta sa, kicin ya cika da daka da zakara da yara. Ta cire ta mayar da na ukun. Muryar mutum ɗaya, sai iska.

Ta ce, "Ina matan da ke daka?"

Na ce, "Ba abin dakawa."

"Yaran fa?"

A nan na gaya mata. Duka. Rijiya, gulbi, iri, jakuna, da maganar da na yi a gindin aduwa. Na faɗe shi kamar ina karanta rahoton ofis. Fuskarta ta yi ja, ta buga tebur har dankali ya zube. "Na tambaye ka! A nan, a kan teburin nan! Me ya sa ka ce da sauƙi?" Na ce, "Ina cin abincinki, Madam." Ta dube ni ta kasa ganewa, ni ma na kasa yi mata bayani. Ita ce ta yi kukan, ni na durƙusa na tsince dankalin.

Majalisa ta tafi hutun bazara, ba mai iya kiranta, ko magajin gari. Madam Hilda ta ce ba zama za mu yi ba. Ta sa ni gaba, ita da kekenta tana turawa, muka bi kansiloli gida-gida. Mai burodi a bayan tandansa, malamin makaranta a lambunsa, direba a wurin hutunsu. Ko'ina sai ta kunna kaset na farko, ta kunna na uku, ta ce, "Yanzu faɗa musu." Ranar kasuwa ta kafa tebur a dandali ta tsayar da ni. Ni Sanda, ƙanen mai gari, ina gaya wa masu sayen tumatir cewa 'yan'uwana na tafasa ganyen aduwa su ci. Ranar farko ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwar Bafarawa. Daga baya abin ya zama aiki kawai. Wasu su tsaya, wasu su wuce, wani yaro ya tambayi ko zaki ne ya yage ni a fuska.

Na buga wa Lasisi waya na ba shi labari. Bai kira ni bawa ba ranar. Ya ce, "Ka aika musu su tashi, Sanda." Na sayi kaset, na zauna gaban rikoda, na danna. Na ce za ni ce su tashi, sai in tuna saura kaɗan majalisa ta dawo. Na ce za ni ce su jira, bakina ya ƙi. Kaset ɗin ya yi ta juyawa har ya tsaya da kansa. Ban aika komai ba.

Da ganyen itatuwa ya fara ja majalisa ta zauna. Madam Hilda ce ta fara miƙewa. Wannan karon hannuwa suka tashi kusan duka. Amma da sharaɗi, kuma mai burodi ne ya kawo shi: su ba gwamnati za su ba, ba kuma mutum ɗaya ba. Gari ne zai ba gari. Sai mutanen Tungar Aduwa sun taru sun ɗaga hannu sun ce suna so, sun zaɓi waɗanda za su kula da famfon, sannan a turo masu haƙa. Kowa ya ce wannan daidai ne. Ni ma na ce daidai ne.

Ranar da za ni taho na bi ta barandar ofis na dubi rigar. Madam Hilda ta raka ni tasha, ta cusa mini rikodarta a jaka. Ta ce, "Ka ɗauko mana taron. Ina son in ji matan nan."

*

Daga Sakkwato na shiga motar Isa, daga Isa na hau babur. An yi ruwa bana, ba laifi, gonakin wasu garuruwa har da karan dawa a tsaye. Da muka wuce Unguwar Lalle sai gonaki suka koma fili, tafasa da ƙarangiya kawai. Mai babur ya ce, "Malam, wa za ka gani can?" Na ce yayana.

An kwashe ƙofofi da azara, ɗakuna sun zama bango tsirara. Rumbuna a buɗe. Wani turmi a kife a tsakar hanya. Yaya Nomau yana zaune a gindin aduwa a kan buzu, da tulu a gefensa. Da ban san wurin zamansa ba, da ban gane shi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin ƙasar, ya tambayi ko sarkinsu na saka rigar. Na ce an adana ta wuri mai kyau. Na tambayi iyali, ya ce ya tura su Gusau wurin ƙanen matatai tun kafin ruwa ya sauka. Sauran kowa ya kama gabansa, wasu Funtuwa, wasu ba a san inda sunka nuhwa ba.

Ya zuba mini ruwan gulbi a moɗa, na sha. Sannan ya ce, "To, mi sunka ce?"

Na ce, "Sun yarda, Yaya."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Amma sun ce sai gari ya taru. A tambayi mutane, wanda ya yarda ya ɗaga hannu, a ƙidaya."

Ya dubi gabas inda gidan liman yake, ya dubi yamma wajen gidan Ɗan Ige. Rikodar na kan cinyata, ban san lokacin da na danna ta ba, tana ta juyawa. Ya gyara zama, ya gyara hularsa kamar yadda yake yi in za a fara shawara. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama, hannun riga ya zame har kafaɗa.

Ya ce, "To, Sanda. Ƙidaya."